A Ce Sammu Ne

Goron sa rana da dangin Mahfuzu suka ce za su kawo ranar Juma'a ba zai zo ba.

Inna Aisatu ce ta faɗa wa 'yarta Raudatu haka da safe, tana tsaye a ƙofar ɗakin girki da ludayi a hannu, ba ta ko kalle ta ba.

"Sun aiko. Wai a dakata da sa rana, ba su gama bincike ba."

"Wane bincike kuma, Inna? Ba sun je wurin Kawu ba? Ba sun tambayi limamin unguwa ba?"

"Sun je inda ba mu zata ba." Inna ta ajiye ludayin. "Matar da suka aiko ko zama ba ta yi ba. Daga tsaye ta ce mini an gaya wa Goggon Mahfuzu 'yata tana da taɓin hankali, har likitan mahaukata take gani."

Raudatu ta dafa bango.

"Na hana ki," in ji Inna. "Na ce abin da ke ciki ki bar shi a ciki. Kika je kika tara Musulmi da Kirista, direba da lebura, kika zazzage musu. Yau ga shi nan."

Raudatu ta san ba ƙarya Inna ta yi ba.

Shekarun baya, a hanyar Mora, 'yan bindiga suka tare motar da take ciki ita da yayanta Abdulhalim. Ita ta dawo Garwa, shi bai dawo ba. Tun daga nan barci ya ƙaurace mata, ƙara kaɗan sai zuciyarta ta yi kamar za ta faso ƙirji. Haka ta yi ta lallaɓawa har ta sami aiki a wani ajans na sufuri mai aika kaya tsakanin Ngawundere da Marwa. Wata rana tayar babbar mota ta fashe a harabar, sai ga Raudatu a ƙarƙashin tebur tana kiran sunan yayanta.

Leburori suka fara ƙus-ƙus cewa aljanu gare ta. Shugaban wurin, Musiyo Théodore, bai kore ta ba. Shi ya haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, ya ba ta safiyar Laraba ta riƙa zuwa. Da ta fara jin sauƙi, ita da kanta ta nemi a ba ta dama a taron ma'aikata, ta tashi ta faɗi sunan ciwonta da maganin da take sha. Daga ranar ƙus-ƙus ya mutu.

Ko kuwa ita ce ta ɗauka ya mutu?

Tana bayan mai moto, ɗan acaɓa, zuwa aiki tana jera fuskoki a ranta. Waɗanda suka sani su ne 'yan ajans, sai Mahfuzu, ɗan Alhaji Dawuda mai shagon atamfa a babbar kasuwa, wanda ta gaya wa tun kafin ya turo magabatansa. Shi ne ya roƙe ta kada danginsa su ji sai bayan biki. To wa ya kai maganar?

Suna ɗaya ne ya ƙi barin kanta.

Ta shiga ajans ta gaida kowa, kowa ya amsa. Amma yau sai ta ga kamar amsar ta yi saurin fitowa. Direban da ya gaishe ta da Fulatanci, "jam na?", me ya sa ya kau da kai? Mai shara me ya sa ta yi murmushi? Ta ajiye jakarta ta nufi sito kai tsaye.

Hashim yana ciki yana nuna wa leburori inda za su jera buhunan albasa. Ɗan unguwarsu ne, ɗan Malam mai makarantar allo, kuma shi ya fara neman aurenta ta ce masa a'a.

"Hashim, yanzu ka huce?"

Ya juyo. "Na huce da me?"

"An fasa sa rana. Abin da kake jira ke nan, ko ba haka ba?"

Leburori suka tsaya cak da buhuna a kafaɗa. Hashim ya yi musu alama da hannu suka fita.

"Raudatu, ki yi a hankali."

"A hankali? Ai an ce ba ni da shi! Kai kaɗai ne a nan ka san gidan su Mahfuzu. Kai kaɗai ne za ka ci riba. Ka rantse ba ka ga goggonsa Adawiyya ba."

Ya kau da kai. Wannan ya soke ta fiye da duk wata amsa.

"Na gan ta," ya ce daga baya. "Ta zo nan ta same ni. Ta ce ta haɗa ni da Allah in faɗa mata abin da na sani game da ke."

"Ka ga!"

"Na ce mata ban san ki da sata ba, ban san ki da yawon banza ba, ban taɓa ganin salla ta wuce ki ba. Ta ce lafiyarki fa? Na ce wannan ke za ta tambaya. Ta yi mini wani irin kallo ta fita." Ya share zufa da hannun rigarsa. "Kin san Baba kullum yana cewa wanda aka tambaya kan aure amana ce a wuyansa, in ya ɓoye ya ci amana. Ke kuma da kika tashi a taro, mu kika ba amana. Na rasa wacce zan riƙe. Har yau ban sani ba ko na yi daidai."

"Ƙarya kake," ta ce, amma muryar ba ta fito da ƙarfi ba.

"Na nemi aurenki kin ƙi. Na ji zafi, ban ɓoye ba, har gaisuwa na janye na wani lokaci. Amma ranar da kika shige ƙarƙashin teburin can, wa ya kori masu leƙe daga taga? Ki tuna, sannan ki sake ce mini maƙaryaci."

A daidai nan Serge ya leƙo da ledar fanke a hannu. Ɗan kudu ne, daga Yawunde aka turo shi, tebur ɗaya suke zama da Raudatu. Bai jin Hausa, da Faransanci da 'yar Fulatancin kasuwa yake rayuwa a Garwa.

"Ƙanwata, ina ta neman ki," ya ce da Faransanci, fuskarsa a washe. "Na manta in gaya miki, na yi miki talla kyauta. Wata mama ta zo aika busasshen kifi Ngawundere, ta zauna muka yi ta hira. Mama mai kirki! Har goro ta ba ni, ban iya ci ba. Ta tambaye ni halinki."

Raudatu ta matso kusa da shi. "Me ka ce mata?"

"Na ce Mama, wannan yarinya ta fi maza goma. Na ba ta labarin Mora, da taya, da likita, da yadda kika tashi gaban patiron, shugabanmu, kika yi magana ba tsoro. Na ce saboda ita direbobinmu biyu yanzu suna ganin likitan nan, ɗaya ya daina shan ƙwaya don ya yi barci. Na ce da ina da ƙane da na ba shi ita." Ya dubi Raudatu, ya dubi Hashim, murmushin ya fara gushewa. "Me ya faru? Ba 'yar'uwarku ba ce?"

"Goggon wanda zai aure ta ce," in ji Hashim. "Bincike ta zo. A nan haka ake yi, ba a cewa an zo bincike. Kifin ma don a sami hanyar zama ne."

Ledar fanke ta suɓuce daga hannun Serge.

"Amma ta tambaye ni abin da na sani. Ni abin da ya fi kyau a kanki na zaɓa na faɗa. Wallahi shi na zaɓa."

Raudatu ta so ta yi masa ihu, ta rasa ta ina za ta kama shi. Da mugunta ya yi da ta san inda za ta ajiye fushinta. Ta juya wurin Hashim, bakinta ya buɗe, amma ya riga ya koma kan buhunansa.

"Hashim..."

"Ki je, Raudatu. Leburori sun riga sun ji."

Bayan la'asar ta iso gida ta tarar da motar Mahfuzu a ƙarƙashin dogonyaron ƙofarsu. Yana zaune a zaure, hula a gwiwa, idanunsa jajir.

"Goggo tana ciki da Inna," ya ce a hankali. "Da ƙyar na shawo kanta ta zo. Zauna, Rauda, akwai hanya."

Ta zauna a gefen tabarma. "Yaya Mahfuzu, ka ci abinci kuwa?"

"Bar maganar abinci. Ki saurare ni. Baba ya ce ba zai haɗa jini da hauka ba, wai yana bin zuri'a. Amma Goggo ta ce in abin daga waje aka jefo shi, wannan daban ne. Sammu ba ya bin jini. Ana karya shi a wuce."

"Wane sammu?"

"Ki ce shi ne. Kalma ɗaya. Goggo tana da malami a Marwa, zai yi rubutu ki sha, a ce an karya, ranar Juma'a a kawo goro. Maganinki kuma ki ci gaba da sha a ɓoye, ni zan riƙa sayo miki da hannuna."

Ta dube shi. "Sammu ai ba ya yin kansa. Wa za a ce ya yi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa, Yaya Mahfuzu?"

"Goggo ta riga ta yanke. Ta ce ta ga yaron nan na sito, ta tambaye shi yana ta kwana-kwana, ya kasa haɗa ido da ita. Ta ji kin ƙi shi. Ga shi ɗan malami. Ta ce ba sai an faɗa mata ba."

Hawaye suka zubo wa Raudatu.

"Kwana-kwanan da ya yi, rufa mini asiri yake yi."

"Ke kika san wannan?" Muryarsa ta canza. "Yaushe kuka yi maganar? Tun yaushe kike kare shi haka?"

"Yau da safe na je na tsinka shi gaban leburori, na ce shi ya kai ni. Ashe ba shi ba ne. Ban ma gama neman gafararsa ba, yanzu kana so in ɗora masa abin da ya fi wannan? Ka san unguwar nan. In aka ce ɗan Malam ya yi wa yarinya sammu, wa zai ƙara kai ɗansa makarantar ubansa? Wa zai ba shi mata?"

"Ni fa wa zai ba ni ke? Rauda, ke nake so, ba sunan Hashim ba. Ba wanda zai kai shi kotu. Magana ce, za ta yi yayi ta wuce."

"Tawa ta wuce?"

Ya matse hular a hannunsa.

"Da kin yi shiru a ajans da duk wannan bai faru ba."

"Da na yi shiru da ba ka same ni a ajans ba. A ɗaki za ka same ni, ƙofa a rufe, ana mini turare." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka tuna ranar da na gaya maka? Na ce ga abin da nake da shi, in ba za ka iya ba ka tafi tun yanzu, ba zan riƙe ka ba. Ka ce mini wanda ya ga abin da na gani bai girgiza ba, shi ne mara lafiya. Ranar na yi barci har rana ta fito, Inna ta ɗauka suma na yi. Kai ne ka faɗa, ko wani ne?"

"Ni ne," ya ce, idonsa ya ciko. "Har gobe ni ne. Amma Baba bai san wannan yaren ba. Ki taimake ni, don Allah. Ki shiga kawai, in ta tambaya ki ɗaga kai. Ba sai kin ambaci suna ba."

Muryar Inna ta taso daga ciki tana kiran su.

Goggo Adawiyya tana zaune a kan darduma, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu. Doguwar mace ce, ƙanwar Alhaji Dawuda, ita ta raini Mahfuzu bayan rasuwar mahaifiyarsa. Duk auren da aka yi a gidansu ita ta yi bincikensa, kuma ba a taɓa cewa ta yi kuskure ba. Inna tana gefe ta haɗa tagumi.

Raudatu ta durƙusa ta gaishe ta. Mahfuzu ya zauna a bakin ƙofa.

"Matso, 'yar nan," in ji Goggo. Ta kama haɓarta ta duba idanunta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba atamfa a rana. "Ni ban ƙi ki ba. Na ga tarbiyya, na ga kunya. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai, kin gaya wa ɗan Yawunde, kin gaya wa direbobi, amma yaron da zai aure ki kin ɓoye masa. Da na tambaye shi kuka ya yi, ya ce bai taɓa ji ba."

Raudatu ta waiga a hankali.

Mahfuzu yana kallon tabarma.

Tun safe take zargin mutane, ta zargi direba, ta zargi mai shara, ta zargi Hashim. Shi kaɗai ne da sunansa ya zo mata ta kore shi da sauri, tana neman gafarar Allah. Ta jira ya ɗago. Bai ɗago ba.

Da ta so, kalma ɗaya ta isa. Ta haɗiye ta.

"Amma na yafe," Goggo ta ci gaba. "Wanda aka yi wa aiki ba ya cikin hayyacinsa. Yanzu ki buɗe baki ki faɗa mini gaban uwarki. Wannan abu, hannun mutum ne ko?"

Inna ta matso tana raɗa, "Ki ce i, Raudatu. Don darajar nonon da kika sha ki ce i."

"Goggo," ta ce, hawaye na sauka a kan mayafinta, "hannun mutum ne. Mutanen da suka tare mu a hanyar Mora ne, suka harbi yayana yana riƙe da hannuna. Ban san sunansu ba. Bayan su babu wanda ya yi mini komai."

"Yaron sito fa?"

"Bai yi mini komai ba sai alheri. Ciwo ne, Goggo, yana da suna, yana da magani, ina sha kuma ina samun sauƙi. Likita ya ce ba daga jini na gado shi ba. In kina so ki zo mu je tare ki tambaye shi, ki bincike shi yadda kika bincike ni."

"Ni? Ni zan taka asibitin mahaukata?" Goggo ta janye ƙafarta. "Yarinya, ƙofa na buɗe miki da hannuna. Kin san abin da kike rufewa?"

"Na sani. Ina son ɗanki, Allah ya sani, ban taɓa son kowa haka ba. Amma gobe zan koma ajans. Akwai direbobin da suka yarda suka je wurin likita don sun ji ni na faɗa. In ce musu me? In kuma wuce ta ƙofar sito in ce me?"

Inna ta fashe da kuka. "Kin kashe ni, Raudatu. Na rasa ɗaya a hanya, ke kuma kin zaɓi ki tsufa a ɗakina."

Goggo ta naɗe carbinta ta miƙe.

"Aisatu, ki yi haƙuri. Mun so, Allah bai so ba. Mahfuzu, tashi mu tafi. Ka gode wa Allah da ya nuna maka tun kafin a shafa fatiha."

Mahfuzu ya tashi. Raudatu ta runtse ido don kada ta ga fitarsa. Ta ji ya jawo wa Goggo takalmanta ya daidaita su a bakin ƙofa.

"Goggo," ya ce, "ban faɗa miki gaskiya ba."

"Me?"

"Ta gaya mini. Tun kafin in turo ku ta gaya mini komai, har sunan maganin. Ni na ce ta yi shiru. Da kika tambaye ni na ji tsoron Baba, na bar ta ita kaɗai a ciki."

Goggo ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kalli Raudatu, wadda ta ji ƙaryar ɗazu da kunnenta ba ta tona ba. Wani abu ya gilma a fuskar tsohuwar, amma bai zauna ba.

"To," ta ce. "Madalla. Ashe ni kuka mayar 'yar aiken banza." Ta kwance bakin zanenta ta ciro waya ta danna. "Alhaji yana shago yana jiran amsa. Ba ni zan kai masa wannan ba. Ka san abin da ya ce, in ka nace, ba shago, ba mota, ba gida, ba wanda zai karɓa maka aure. Ga shi nan. Namijin da ya iya magana gaban mata ya maimaita wa ubansa."

Ta buɗe muryar wayar ta miƙa masa. Wayar tana ta ƙara a tsakiyar ɗakin, ba mai motsi.

Aka ɗauka. Hayaniyar kasuwa ta shigo, sannan murya mai kauri.

"Adawiyya, yaya? Ta amsa sammu ne?"

Mahfuzu ya matso da wayar kusa da bakinsa. Ya dubi Raudatu. Ba ta yi masa alama ba, ba ta roƙe shi ba, kallonsa kawai take yi da jajayen idanu.

"Baba, ni ne."

"Ina ji."

"Ba ta amsa ba, don ba sammu ba ne. Ciwo ne, kuma na san da shi tun farko." Ya gyara tsayuwa. "Ita nake so, Baba. Da ciwon nata."

Ana jin wani yana tayin atamfa, ana jin ƙahon moto.

"Mahfuzu," in ji Alhaji Dawuda, "ka ba Goggonka mabuɗin motar."

Alhaji ya kashe wayar.